Windows 10 ya kai ƙarshe, in mayar da kwamfutocin shagona kan Linux?

Baban Walida: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah waɗanda suka taɓa yi da hannunsu nake son ji, ba waɗanda suka kalla a YouTube ba. Ina da shagon buga takardu da koyar da kwamfuta a nan Kano, kwamfuta 14 ke ciki. Tara na ɗalibai, uku na masu taifin, ɗaya ta zane, ɗaya kuma tawa da nake lissafin ciniki a kai. Duk na gwanjo ne, Core i5 ƙarni na uku da na huɗu. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft suka daina turo wa Windows 10 gyaran tsaro, Windows 11 kuwa ya ce bai san da zaman injinana ba. Yaron da ke mana gyara ya ce in mayar da su gaba ɗaya kan Linux Mint, wata uwar manhaja da ke maye gurbin Windows, wai kyauta ne, ba ya nauyi. Ni dai abin da nake tsoro, kada garin gyaran gira in rasa ido. Me kuka gani?

Ɗan Gwanjo: Wa alaikumus salam Alhaji. Mafita mai sauƙi, ka kawo su mu yi musaya, ka cika kuɗi in ba ka ƙarni na takwas. Akwai sabbin shigowa 😄

Baban Walida: Kai dai ko a gidan rasuwa sai ka yi talla. Da ina da kuɗin canza kwamfuta 14 ai da ba ka gan ni a nan ina tambaya ba.

Injiniya Auwal: Yallaɓai, yaronka bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa maka. Bari in fara da dalilin da Windows 11 ya ƙi injinanka. Yana buƙatar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan a ɓangaren Intel sai ƙarni na takwas zuwa sama. Naka sun gaza. Hanyoyin da ke gabanka huɗu ne a zahiri. Ko ka zauna a Windows 10 haka nan ba gyara, ko ka biya kuɗin ƙarin wa'adi, wanda ga 'yan kasuwa dala 61 ne kowace kwamfuta a shekarar farko, kuma yana ninkawa kowace shekara. Lissafa, dala 854 kenan a shekara ɗaya, kuma sai in Windows ɗin naka na asali ne. Ko a tura Windows 11 da ƙarfi ta Rufus, wata manhajar da ke shirya shi a filash, yana shiga, amma Microsoft da bakinsu sun ce ba su ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin waɗannan injina gyara ba, kuma a kan RAM mai giga 4 za ka sha jira. Ko kuma Linux. Linux Mint 22 an gina shi a kan Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, yana da tallafi har 2029. A kan injinanka zai yi gudu, musamman in ka sa musu SSD, wato ma'ajiyar fayil ta zamani mai sauri.

Sadiq Mai Zane: Injiniya kullum kuna zuwa da wannan waƙar. Tambaya ɗaya: manhajar zanenmu, CorelDRAW, fa?

Injiniya Auwal: Babu na Linux.

Sadiq Mai Zane: To magana ta ƙare. Duk wanda ke harkar ɗab'i a garin nan ya san da Corel ake magana. Kwastoma zai zo da filash ɗinsa da fayil ɗin .cdr, ka kai aiki wurin masu babban inji su ce ka kawo shi a Corel. Na san za ka ce Inkscape, madadinsa na kyauta. Na gwada shi. Yana buɗe wasu fayilolin Corel, amma in zanen na da inuwa da launi mai narkewa sai ka ga komai ya tarwatse. Ga matsalar CMYK, tsarin launin da injin ɗab'i ke aiki da shi. Na taɓa yin katin biki a kai, a allo ruwan goro mai kyau, aka buga ya fito kamar ƙasar da aka yayyafa wa ruwa. Uwar amarya ta tsaya a kaina tana ɗaga katin tana cewa wannan ne kalar ankon da ta nuna min? Kati 300 na sake bugawa daga aljihuna.

Injiniya Auwal: Allah ya mayar da alheri Sadiq, kuma ban musa ba. Scribus, wata manhajar tsara shafi ta kyauta, yana fitar da CMYK yadda ya kamata, amma ba zan ce wa mai zanen da ya shekara goma hannunsa na kan Corel ya koma ɗan koyo ana tsakiyar kakar biki ba. Kwamfutar zane ta zauna a Windows ɗinta. A dai cire mata intanet, a daina cusa mata kowane filash. Wa ya ce dole sai an mayar da duka 14?

Baban Walida: Yaron nawa ne ya ce duka. Wai ranar Lahadi ɗaya ta ishe shi.

Maman Ihsan: Inna lillahi. Alhaji kada ka yarda da wannan Lahadin. Ni ce shaida. Ina riƙe da lissafin wani kantin sayar da kaya na sari a Kaduna, kwamfuta shida. Ɗan mai kantin ya dawo daga makaranta da zumuɗi, ranar Asabar da dare ya goge komai ya ɗora Ubuntu. Litinin na zo na zauna, manhajar lissafin da muka shekara bakwai muna aiki da ita babu ita, don ta Windows ce kaɗai. Ya ce zai tayar da ita ta Wine, wani abu da ke buɗe manhajojin Windows a Linux. Ta buɗe, amma da ka danna buga rasit sai ta mutu. Ga wani fayil na Excel da wani akanta ya haɗa mana tun da daɗewa, mai maɓallan da ke lissafa bashin kwastomomi da kansu. A LibreOffice, madadin Word da Excel na kyauta, lambobin sun fito, maɓallan kuwa ko gezau. Kwana huɗu da biro da littafi muka yi ciniki, masu motoci na jira a waje suna zagi. Ranar Juma'a aka mayar da Windows. Har yau in ka ce Linux a kantin nan mai gidan sai ya canza fuska.

Injiniya Auwal: Hajiya wannan ba laifin Linux ba ne, laifin wanda bai tambayi mai aiki da me take aiki ba.

Maman Ihsan: Injiniya, wanda ya yi asarar cinikin kwana huɗu ba ruwansa da laifin waye. Ni abin da na sani shi ne na zo aiki na tarar ba aiki.

Injiniya Auwal: Gaskiyarki. Na karɓa.

Sadiq Mai Zane: Kuma ba mu kaɗai ba. Birnin Munich na Jamus da kuɗinsu da injiniyoyinsu sun koma Linux, daga baya suka dawo Windows. In Jamusawa sun kasa, shagon taifin ne zai iya?

Malam Habu: Sadiq, ɗana, labarin Munich ya fi haka tsawo, kuma kowane ɓangare yana yanko inda ya yi masa daɗi ne. A 2003 majalisar birnin ta yanke shawarar barin Windows. Abin ya girgiza Microsoft har shugabansu na lokacin, Steve Ballmer, ya taka da ƙafarsa ya je ya ga magajin garin, Christian Ude, don ya canza masa ra'ayi, bai yi nasara ba. Suka haɗa nasu tsarin suka sa masa suna LiMux, zuwa 2013 kwamfuta kusan 15,000 na kansa. Ka ga kenan shekara goma suka ɗauka, kuma ya yi aiki shekaru ana gudanar da birni da shi. Aka canza magajin gari a 2014, Microsoft suka mayar da hedikwatarsu ta Jamus cikin birnin a 2016, a 2017 majalisa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Wasu na haɗa waɗannan abubuwa, wasu na cewa ƙorafin ma'aikata ne kawai kan takardun da ke shigo musu daga wasu ofisoshi a tsarin Word. Sannan a 2020 sabon ƙawancen da ya karɓi majalisar ya ce zai fifita manhajoji masu buɗaɗɗen tushe duk inda ya yiwu. Siyasa ce ta cika labarin. Kuma a Jamus ɗin dai, jihar Schleswig-Holstein ta sanar a 2024 za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Sadiq Mai Zane: Baba Malam an gaishe ka, ban san da sauran ba. Amma dai ka ji da bakinka, takardun Word ne suka dame su. Shagon Alhaji kuwa takardun Word ne abincinsa.

Laouali Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Kano. Ni misalin da ya fi kama hankalina na jandarmomin Faransa ne, don yadda suka bi abin. Ba su fara da taɓa Windows ba sam. A 2005 suka canza manhajar rubutu zuwa OpenOffice, a kan Windows ɗin. A 2006 suka kawo Firefox na shiga intanet da Thunderbird na imel. Sai a 2008 suka fara ɗora Ubuntu, wanda suka gyara suka kira GendBuntu. Lokacin da aka zo canza uwar manhajar, jandarma ya zauna ya ga abin da yake rubutu da shi da abin da yake shiga intanet da shi duk waɗanda ya saba ne. Yau dubun dubatar kwamfutocinsu na kansa. Haka na yi a ɗan wurina na saisie da photocopie, wato taifin da kwafar takardu, nan Maraɗi, kwamfuta biyar. Wata biyu yarana suna aiki da LibreOffice a kan Windows kafin in canza. Ranar da na canza, ɗaya daga cikinsu cewa ya yi patron an sake hoton allo ne?

Injiniya Auwal: Malam Laouali ka gama magana. Abin da nake ta kewaye-kewaye in faɗa kenan. Alhaji, gobe ka ɗora LibreOffice a kwamfutocin masu taifin, kada ka cire Word. Ka ce duk aikin da ya shigo a fara gwada shi a can, in ya gagara a koma Word, amma a rubuta a littafi wane aiki ne da abin da ya gagara. Bayan wata ɗaya littafin nan ne zai ba ka amsa, ba ni ba, ba Sadiq ba.

Baban Walida: Wannan ta shige ni. Amma ga abin da na fi tsoro. Ɗalibin jami'a zai kawo furojet ɗinsa shafi 80, malaminsa ya riga ya duba, lambobin shafi sun dace da jadawalin farko. In na buɗe ya zama shafi 84, tebur ya tsallaka wani shafi, wa zai biya takardar?

Injiniya Auwal: Yawancin wannan matsalar daga salon harafi take. Takardar an rubuta ta da Calibri ko Times New Roman, injinka ba shi da su, sai ya ɗauko wani harafin mai faɗi daban, layuka su zame. Maganinsa akwai haruffan da aka ƙera da awo ɗaya da na Microsoft: Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria, Liberation a madadin Arial da Times New Roman. Akwai kuma wani ƙunshi, ttf-mscorefonts-installer, da ke sauko da Times New Roman da Arial na ainihi. In ka yi wannan, takardu na yau da kullum za su zauna daram. Waɗanda ke ba da wahala su ne masu lissafin kimiyya da akwatunan rubutu da aka jibga kan juna. Sannan ka kafa doka a shago, wanda ya zo bugawa kawai ya kawo PDF. Ko tsakanin Word da Word ma shafi na zamewa, kai ma ka sani.

Baban Walida: Wallahi haka ne, mun sha faɗa da ɗalibai a kan wannan tun kafin a zo maganar Linux.

Injiniya Auwal: Abu biyu kuma. Ka shiga saitin LibreOffice ka sa ya riƙa ajiye aiki a .docx kai tsaye, wato tsarin Word, don kada a ba kwastoma .odt, tsarin LibreOffice, ya je gida ya dawo yana masifa. Kuma akwai inda ake canza fuskarsa zuwa Tabbed, sai maɓallan su jeru a sama kusan yadda suke a Word. Masu taifin sun fi saurin sakin jiki da shi a haka.

Ummu Taifis: Ni taifin ne sana'ata shekara tara, bari in sa baki tunda mu za a ɗora wa. Ctrl da S, Ctrl da B, Ctrl da P duk ɗaya ne, hannu ba ya ɓata. Inda na sha wuya shi ne lambar shafi, a ce shafukan farko su ɗauki i, ii, iii sannan babi na ɗaya ya fara da 1. A Word da ido rufe nake yi. A LibreOffice sai ta hanyar salon shafi, na yi kusan awa ɗaya ina lalube kwastoma na zaune yana kallon agogo. Da na gane kuwa, na ga ya fi na Word tsari. Roƙona ga masu shaguna, ku ba mu lokacin koyo da ba kwastoma a kanmu. Kuma ku sani a satin farko aikin da muke yi a minti goma zai kai ashirin, kada a zo ana mana tsawa.

Malam Habu: 'Yata kin faɗi abin da injiniyoyi ke mantawa. Tambaya gare ki, haruffanmu masu ƙugiya fa, da Larabci?

Ummu Taifis: Baba akwai allon rubutu na Hausa a cikin saitin, ana zaɓarsa kamar yadda ake zaɓar na Turanci, ƙ da ɗ da ɓ duk suna fita. Larabci ma na buga takardun jarrabawar wata Islamiyya da harafin Amiri, wasulla sun hau daidai.

Abba Kiraki: Ni fa ban gane wahalar da kuke son sha ba. Wa ke sayen Windows a ƙasar nan? A ɗora na kirak, wanda aka fasa ba lasisi, a wuce wurin. Ana cewa kyauta kyauta, ai namu ma kyauta ne.

Injiniya Auwal: Abba, ba maganar kuɗin lasisi ake ba yanzu. Ko na kirak ko na asali, Windows 10 ba ya samun gyaran tsaro, sai wanda ya shiga ƙarin wa'adin nan. Ka tuna bairos ɗin WannaCry a watan Mayun 2017, ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila sai da suka mayar da marasa lafiya gida, kuma ta ƙofar da ba a toshe ba ya shiga. Shagon da mutane ke zuwa su buɗe imel, su cike fom da lambar NIN ɗinsu, su biya kuɗin makaranta da katin banki, amanar mutane ce a hannunsa. Sannan shi kansa abin da ake kirak ɗin da shi, ka san me aka cusa a ciki?

Malam Habu: Ni kuma ko ba don tsaro ba, raina bai taɓa kwanciya da cin abinci da kayan da mai shi bai yarda ba. Wanda ya ce ga nawa na bayar kowa ya ɗauka ya gyara ya raba, ai ya fi kwanciyar hankali.

Abba Kiraki: Baba Malam kada ka sa mu fara istigfari da tsakar rana 😅

Admin: Jama'a a dawo kan tambayar Alhaji, maganar halacci a buɗe mata nata zauren.

Maman Ihsan: Akwai abin da ba wanda ya taɓo. Kwamfuta tara na ɗalibai ne. Iyaye sun biya kuɗi ne a koya wa 'ya'yansu Word da Excel, shi ke rubuce a allon shagon, shi za a tambaye su in sun je neman aiki. Ka koya wa yarinya LibreOffice ta je gwaji a ofis a zaunar da ita gaban Excel ta rikice, sunan makarantarka ne ya ɓaci.

Laouali Maraɗi: Hajiya wanda ya iya SUM da IF da VLOOKUP a Calc, Excel ɗin LibreOffice, ya iya su a Excel, rubutunsu ɗaya.

Maman Ihsan: Ya iya a kai, amma ido fa? Mai ɗaukar aiki minti biyar zai ba ta. In ta tsaya neman maɓalli ya gama yanke hukunci.

Injiniya Auwal: Nan kam Hajiya ta fi mu hujja. Akwai Word da Excel na cikin burauza da Microsoft ke bayarwa kyauta in kana da asusu, suna buɗewa a Linux, amma suna cin data kuma ba su cika kamar na kan inji ba. Akwai OnlyOffice mai kama da su sosai a fuska. Amma in gaskiya ake so, a bar uku daga cikin taran a Windows, ba intanet, ɗalibai su riƙa zagayawa kansu. Injin da ba ya shiga intanet kuma ba a cusa masa filash, haɗarinsa kaɗan ne.

Baban Walida: To firinta fa? Ina da HP LaserJet biyu, da Epson mai tanki, da wata tsohuwa da na gada tun buɗe shago.

Injiniya Auwal: HP suna da direbobinsu na Linux, wato manhajar da ke haɗa firinta da kwamfuta, HPLIP, yawanci kana haɗa waya za ta fito, wasu ƙananan dai sai an sauko musu da ƙarin fayil. Epson ma suna fitar da direba. Amma kada ka ɗauki maganata. Ka sa a ɗora Mint a filash, ka tayar da kwamfuta daga kansa ba tare da ka goge komai ba, ka haɗa kowace firinta da sikana ka buga shafi ɗaya. Wadda ta ƙi, ka san da ita tun kafin ka shiga ruwa. Batun data kuma, sau ɗaya za ka sauko da shi, kusan giga uku. Ka gyara inji ɗaya tsaf da haruffa da direbobi, sannan a kwafe shi zuwa sauran da manhajar kwafi ta Clonezilla. Kafin komai, a kwashe fayilolin kowace kwamfuta zuwa wata ma'ajiya ta waje, kuma ka buɗe su da idonka ka tabbatar sun kwafu.

Ɗan Gwanjo: SSD dai a wurina za a saya ko? Kada a ci amanata.

Baban Walida: Za a duba 😄 Na gode ƙwarai jama'a. Zan bi ta Malam Laouali, LibreOffice tukuna.

Baban Walida: Salam, na dawo da rahoto bayan sati bakwai. Littafin da Injiniya ya ce a ajiye, aiki 11 aka rubuta sun gagara a wata guda. Bakwai matsalar harafi ce, ta wuce da aka sa Carlito da sauran. Uku furojet ne na 'yan lissafi da injiniyanci. Ɗaya wani fom ne na wata ma'aikata mai maɓallai a ciki. Yanzu kwamfuta takwas na kan Mint: shida na ɗalibai, biyu na taifin. Ta zane, da ta taifin ɗaya, da uku na ɗalibai suna Windows ba intanet. Tawa ban taɓa ba, Hajiya ta tsorata ni. Tsohuwar firintar nan ta ƙi sam, yaron ya kwana biyu a kanta, na ce ya bar ta, na jona ta da ta zane. Abin da ban zata ba, filash ɗin kwastomomi masu bairos ɗin nan da ke mayar da folda shotkot. Jiya wata ɗaliba ta zo tana kuka wai furojet ɗinta ya ɓace, aka sa filash ɗin a Mint, ga fayilolinta nan zaune, ga tarkacen bairos ɗin a gefe muka goge. Yanzu duk filash sai ya bi ta nan kafin ya je ko'ina.

Sadiq Mai Zane: To ai ka ga Corel na nan inda na ce.

Baban Walida: Yana nan Sadiq, ba wanda ya taɓa maka shi.

Ummu Taifis: Alhaji masu taifin naka sun gane lambar shafin?

Baban Walida: Ɗaya ta gane, ɗayar kuwa da furojet ya shigo sai ta faki idona ta koma kan mai Windows. Ummu in kina da lokaci ki rubuto mana matakan a nan in buga in manna mata a bango.

Ummu Taifis: Bari in sallami wanda ke gabana, bayan la'asar zan turo in sha Allah.